Déardaoin: Alhamis ɗin Mutanen Ailan da Kurakuran da Ɗalibai Ke Yi

Duk mai koyon Gaeilge, harshen ƙasar Ailan, da wuri yake haddace ranakun mako: Dé Luain, Dé Máirt, Dé Céadaoin, Dé hAoine, Dé Sathairn, Dé Domhnaigh. Da ya zo kan Alhamis sai ya rubuta Dé Déardaoin, don ya ga kowace rana da Dé ta fara. Wannan kuskure ne da ɗalibai ke yi, kuma sanin asalin kalmar shi ne maganinsa.

Kiristocin Ailan na dā suna azumi Laraba da Juma'a. Kalmar aoine, wato azumi, daga Latin ta zo, ieiunium. Laraba ta zama Céadaoin, azumin farko. Juma'a ta zama Aoine kawai. Alhamis kuwa, da ta faɗo tsakiya, aka kira ta ranar da ke tsakanin azumi biyu, sai jimlar ta dunƙule ta zama Déardaoin. Tana ɗauke da Dé ɗinta a jikinta, ba ta bukatar wani. Bahaushen da ya saba da azumin Litinin da Alhamis ya kula: a nan Alhamis ranar hutu ce daga azumi.

Akwai masu fassara Dé da "na Allah", saboda Dia, sunan Allah a harshen, yakan koma Dé in ana nuna mallaka. Kama ce kawai ta rubutu. Dé na ranakun mako tsohuwar kalma ce mai nufin yini, kuma sunan da ke binta yana shiga sigar mallaka. Shi ya sa Luan (Litinin) ke zama Luain, Satharn (Asabar) ya zama Sathairn, Domhnach (Lahadi) ya zama Domhnaigh. Dé Luan kuskure ne. Haka Dé Aoine: tunda Aoine da wasali ta fara, dole a sa ƙaramin h a gabanta, harafin A ya zauna babba, Dé hAoine.

Inda aka fi wahala shi ne bambanta rana guda da ranar da ake maimaitawa. Dé Luain na nufin Litinin takamaimai, wadda ta wuce ko mai zuwa, kuma ba a sa mata kalmar ar, wato "a kan", a gaba. In ana son fayyacewa sai a ƙara seo caite ga wadda ta wuce, seo chugainn ga mai zuwa: Déardaoin seo chugainn. Amma abin da ake yi duk Litinin, ar an Luan ake cewa, babu Dé. Duk Alhamis kuma, ar an Déardaoin. Laraba kuwa tana canza farkonta: ar an gCéadaoin a lardunan Munster da Connacht na Ailan, ar an Chéadaoin a lardin Ulster. Dukansu daidai ne, sai dai mutum ya riƙe ɗaya a rubutunsa. Wajen faɗin ranar da ake ciki ma Dé ba ta shiga: Inniu an Luan, yau Litinin.

Kada a raina ɗan karan da ke kan é, wanda suke kira fada. Céad shi ne farko ko ɗari, cead kuwa izini ne. Wanda ya rubuta Ceadaoin babu karan ya goge "farko" daga azumin farko.