Yadda ake mayar da zanen takarda aikin riga

Tun da aka fara bikin nuna tufafi na Lagos Fashion Week a 2011, baje kolin zane na Art X ya biyo baya a 2016, matasan telolinmu na Agege da Idi-Araba suka shiga sha'awar fitar da aikin wuyan riga nasu na kansu. Babu laifi. Sai dai yawancinsu hoton zane suke ɗauka da waya, su miƙa wa mai aiki su ce "maigida, wannan nake so", bayan sati biyu su karɓi riga kamar labulen falo. Ga yadda ya kamata a bi.

Da farko nemi abin da za ka zana. Je ka Nike Art Gallery a Lekki ko gidan tarihi na Onikan ka ba idonka abinci, amma kar ka kwafi aikin mai zanen da ke raye sai da izininsa, domin ranar da rigar ta hau Instagram zai gani. Kuma duk abin da ke da fuska, ta mutum ko ta dabba, bar shi a bango. Mai rigar zai so ya je Juma'a da ita.

Daga nan sai ragi. Fenti yana cakuɗuwa, ja ya narke cikin ruwan goro ba ka ga inda suka haɗu ba, zare kuwa kowane launi da iyakarsa. Ɗora takarda mai shara-shara a kan zanen, ka bi manyan layuka kawai da fensir. Launi uku ne iyaka, ni a wurina biyu ma sun isa, kuma zare mai launin yadin kansa ya fi komai mutunci.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa. Takarda a shimfiɗe take a kan tebur, riga kuwa jiki take hawa, jiki yana da kafaɗa da tumbi, yana zama yana tashi. Saboda haka kar ka taɓa kai wa mai aiki ƙaramin zane ka ce ya ƙara masa girma da ido. Samo babbar takarda mai kauri, ka sake zanen daidai girman da zai kasance a riga, ka yanke wuyan, ka manna wa mutum a ƙirji da fil. Ba a jikin gunkin shago ba, mutum mai numfashi, in so samu ne mai rigar kansa. Sa shi ya zauna. Sa shi ya yi ruku'u. Ka ja da baya taku biyar ka duba. Layukan da ka sha wahalar tsarawa kusa da juna za ka ga sun dunƙule sun zama tabo ɗaya, sai ka buɗa tsakaninsu ko ka cire rabi.

In babbar riga ce, abin ya fi haka. Ana naɗe hannuwanta a kafaɗa, don haka duk abin da ka zana a gefe ya shige cikin ninki, kuɗin zare ya tafi a banza. Dubi tsohuwar riga mai aska takwas: nauyin aikin yana hagu, wajen aljihu, tambari yana dama a ƙirji, wani kuma a baya. Malaman da ke zana wa masu ɗinkin hannu a Zariya da Kano da alƙalami da tawada sun san inda riga ke buɗewa da inda take ɓoyewa, shi ya sa ba su raba aikin biyu daidai ba. Yaran yanzu sai sun daidaita hagu da dama saboda haka kwamfuta ke so, rigar ta fito ba rai. Ka yi gwajin takardar da hannu a naɗe, ka sa alama inda ninki ya tsaya, zanenka kar ya ƙetare wannan layi.

Sai saukar da zanen a kan yadi. In adire ne, wato rinannen yadin Yarbawa, irin wanda ake kawowa daga kasuwar Itoku ta Abeokuta, wanke shi tukuna har ruwan ya daina fita shuɗi, in ba haka ba farin zarenka zai sha baba. Shadda kuwa ba a jiƙa ta kafin ɗinki, ƙyallinta zai tafi, wato duk alamar da ka yi mata ba wankewa za a yi ba. Alli kawai. Biro haramun ne a nan, takardar kabon ma tana bar wa farar shadda datti. Ka tuna damshin Legas da gumin hannu suna goge alli, ka zana ɓangaren da za a yi yau, gobe a zana na gobe.

Lokacin sayen yadi a kasuwar Balogun ka ƙara rabin yadi na gwaji. Na san shaddar Getzner ta yi tsadar da mutum zai ji zafin yanka ƙyalle, amma ƙyalle ya fi riga araha. A yi maka kusurwa ɗaya ta zanen a kai, da zaren da za a yi amfani da shi. In ya tattare, aikin ya yi wa yadin nauyi, a sa gam ta ciki ko a sassauta cikon.

Keken monogram, mai yin aikin zare da kwamfuta, ya fi sauri da arha in riguna da yawa ne, na anko misali, amma sai an fara shigar da zanen a kwamfuta, kuma wannan kuɗinsa daban. Riga ɗaya tilo, kai wa mai aikin hannu, ka bar masa takardar gwajin, ku yi ciniki kafin allura ta taɓa yadi. In an gama a tsittsinke zaren da ya yi saura, a goge ta ciki, shadda kuma a kai wa masu bugu.