Yadda za ka gane ko manhajar editin bidiyo ta yi wa ejan ɗin AI bayani mai kyau

Tun da Anthropic ta fito da MCP a Nuwamban 2024, wato hanyar jona AI da wasu manhajoji, sai ka yi ta ganin mutane suna ɗora FFmpeg, wata manhajar yanka da sarrafa bidiyo, a kai suna cewa yanzu AI zai yanka maka bidiyo da kanshi. To kafin ka damƙa masa bidiyon bikin kwastoma ka tsaya ka karanta bayanin da aka rubuta wa kowane aiki, don shi ejan ɗin, wato AI ɗin da zai aiwatar da aikin, ba allo yake kallo ba, abin da ke hannunsa sunan aikin ne da ɗan bayani da guraben da zai cike, duk inda aka bar masa giɓi kuwa da zato zai cike shi kuma ba zai gaya maka ba.

Fara da lokaci, nan aka fi yin ɓarna. In ka ga gurbi an sa masa start kawai ba ƙarin bayani, to akwai sauran aiki. 90 ɗin da zai rubuta, sakan ne ko milisakan ko lambar firem, wato hotuna ɗai-ɗai da suka haɗu suka zama bidiyon? A bidiyo mai firem 25 a sakan, firem na 90 ko sakan 4 bai kai ba, kai kuma minti ɗaya da rabi kake nufi. Gurbi na biyu fa, inda yankan zai tsaya ne ko tsawonsa? A FFmpeg ɗin kanta umarnin -to daban na -t daban, in ka fara daga 60 ka ba su 90, -to zai ba ka sakan 30, -t kuma ya ba ka sakan 90 cur. Bayanin kirki zai faɗi wanne ne, ya kawo misali ɗaya a rubuce.

Sai ka duba ko ya faɗi irin yankan. Akwai mai sauri da ake yi da -c copy, ba ya sake sarrafa hoton, amma a kan kifirem, wato firem mai cikakken hoto da ke zuwa jefi-jefi a bidiyon, yake sauka ba daidai inda ka nuna ba, sai ka ga bidiyon ya fara tun kafin ango ya shigo. In bayanin ya yi shiru a nan ejan zai ce maka an gama alhali an goce.

Wanda ni na fi tsoro shi ne asalin fayil. Sabo yake fitarwa ko a kan tsohon yake rubutawa? MCP na da alamomi irin readOnlyHint da destructiveHint, masu nuna ko aiki karantawa kawai yake yi ko yana iya gogewa, suna da amfani, amma fa faɗar mai manhajar ce kawai ba garanti ba, gara ka ga an rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin bayanin.

Ka duba kuma me yake mayarwa in ya gama. "Success" kaɗai ba amsa ba ce wallahi, ya kamata ya dawo da inda fayil ɗin yake da tsawonsa da girman hoton don ejan ya iya tantance aikinsa. Haka in an samu matsala, misali libx264, mai matse bidiyo da FFmpeg ke amfani da shi, ya saba ƙin faɗin hoto da bai rabuwa biyu, in saƙon ya iso wa ejan yadda yake zai gyara lambar da kanshi, in kuma "failed" kawai ya gani sai ya yi ta maimaita abu ɗaya.

Mu masu sa sabtaitil na Hausa akwai namu na daban, shin bayanin ya ce yana karɓar SRT, wato fayil ɗin sabtaitil, a UTF-8, tsarin rubutun da ke ɗaukar haruffanmu, kuma za ka iya zaɓar font? In babu, ƙ da ɗ da ɓ suna iya fitowa akwati-akwati, kuma in an riga an ƙona rubutun cikin hoton sai dai a sake aikin daga farko.

Daga nan sai gwaji. Kwafi bayanin zalla ka manna a sabuwar hira da AI, ka ce ya yanko daga 1:30 zuwa 2:00 ya mai da shi 1080 da 1920 na sitatus, ya nuna maka abin da zai cike ba tare da ya aiwatar ba. In ya rikice tsakanin trim da cut da split, ko ya sa 130 a maimakon 90, ka kwafi amsar tasa ka tura wa mai manhajar tare da layin da ya jawo hakan.