Shagon intanet daga ƙauye: inda sabar za ta zauna da yadda za a haɗa ta

Mai dabino a Dutse, ko mai zoɓo da riɗi a Maigatari, ko mai shinkafa a Kura, zai iya samun mai saye a Legas ba tare da dillali ya shiga tsakani ba. Amma tun farko ka raba abu biyu da ake yawan gwamutsawa: shafin da masu saye ke gani, da sabar, wato kwamfutar da ke ajiye lissafinka a shago. Shafin, ka kama masa haya a wajen kamfanin da ke ajiye shafuka. Sabar ce kaɗai za ta kwana a wajenka.

Dalilin ƙin ajiye shafin a wajenka ba wuta kaɗai ba ne. Layukan waya sukan haɗa mutane da yawa a kan adireshin intanet guda, tsarin da ake kira CGNAT, don haka wanda ke waje ba ya iya isowa kwamfutarka kai tsaye. Wata manhaja mai suna Cloudflare Tunnel na magance wannan, kuma kyauta ne, sai dai da zarar batir ya mutu cikin dare ko sabis ya ɗauke, shago ya rufe ke nan.

Fara da suna. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ka sayi adireshi mai ƙarewa da .com.ng daga kamfanin da hukumar NiRA, mai kula da adireshin .ng, ta amince da shi. Da lambar wayarka da imel ɗinka za a yi rajistar, ba na yaron da ke haɗa maka ba; in kun ɓata, da sunan shagon zai tafi. A kan hayar sai a ɗora WordPress da WooCommerce, manhajojin gina shafi da shago, duka kyauta. Ka tabbata adireshin ya fara da https, alamar cewa shafin na da takardar tsaro. Ƙungiyar Let's Encrypt na bayar da takardar kyauta, ana sabuntawa duk kwana 90, don haka a saita ta ta riƙa sabunta kanta.

Hotuna ne ke kashe shafi. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, mai saye kuwa ba zai ƙona datarsa yana jira ba. Rage kowanne zuwa ƙasa da kilobait 200. Ka ɗauka da safe a inuwa, a kan farin buhu. Kuma ka rubuta nauyi da kilo, domin kwano da mudu sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, nan ne rigima ke farawa.

Sabar shago ba ta bukatar tsada. Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ya isa, ko tsohuwar laftof a sa mata manhajar Ubuntu Server. Ita laftof ma ga batirinta a jiki. Aikinta biyu ne: ajiye lissafin kaya da na bashi, da jawo kwafin shafinka kowane dare.

Ga lissafin wuta. Pi da SSD (ma'ajiyar bayanai) da rauta (na'urar raba intanet) za su ci kamar wat 17, wato kusan wat-awa 400 a kwana. Batir mai bolt 12, amfiya-awa 100, yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma in mai ruwa ne rabi kawai za ka taɓa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Farantin sola mai wat 200 zai cika shi a ranar da ba hazo. Kada ka bi ta inbata: ita kanta tana shan wuta ko ba ta ɗauke da komai. Sayi ƙaramar na'urar da ke sauke bolt 12 zuwa 5, mai amfiya 3 cif. Cajar waya mai rauni ita ce ke sa Pi ya riƙa mutuwa yana tashi, daga nan katin ajiya ya lalace. Shi ya sa ma SSD ya fi katin memori.

Zafi da ƙura su ne sauran abokan gaba. A Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, Pi na kaiwa digiri 80 ya fara rage gudu da kansa. Sa masa fanka, ka ɗora shi a kanta nesa da rufi, kada ka kulle shi a akwati. Lokacin hunturu a hure ƙurar duk mako, a goge farantin sola ma.

Batun kuɗi, haɗa shafin da Paystack ko Flutterwave, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet; suna cire ɗan kaso a kowane ciniki, sai ka sa shi cikin farashi. Wanda ya zaɓi tiransifa, kada ka saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. In a tasha za ka ba direba, rubuta lambar mai karɓa a jikin buhun da alƙalamin maka, ka ɗauki hoton motar da lambarta, ka tura wa mai saye kafin ta tashi.

Sau ɗaya a wata, ka gwada dawo da shafin daga kwafin da sabar ta ajiye, ka kuma kwafe shi a filash ka kai gida.