Yadda ake kafa tirelar zango mai naɗaɗɗen rufi

Irin wannan tirela ta fi yawa a Amurka da Kanada, inda kamfanoni kamar Forest River ke ƙera ta. A kan hanya akwati ce a rufe, sai an isa zango a ɗaga rufin, gadaje su fito gaba da baya.

Daidaita hagu da dama shi ne farko, tun tirelar na haɗe da mota. Ɗora ma'aunin lebur irin na magina a kan shasi. Gefen da ya yi ƙasa, shimfiɗa katako a gaban tayarsa, ka ja tirelar ta hau. Sannan ka sa weji gaba da bayan tayoyin biyu. Kada ka kwance ta daga mota kafin wejin ya shiga, don ko ɗan gangare ne za ta gangara. Cire wayar fitilu da sarƙoƙi, ka kwance ta daga mota, ka daidaita gaba da baya da jak ɗin gaba.

Yanzu rufi. Ɓalle makullansa na kusurwoyi, galibi huɗu ne. Wanda ya manta ɗaya ya shiga murɗa hannun ɗagawa da ƙarfi, igiyar ƙarfen da ke ciki ce za ta tsinke, ko sandar da ke ɗaga rufin ta lanƙwashe. Murɗa a hankali, da zarar siririyar wayar da ke nuna rufin ya kai iyaka ta miƙe, tsaya.

Ƙafafun kusurwa kuwa, nan mutane suka fi yin ɓarna. Ba jak ba ne, ba a ɗaga tirela da su. Aikinsu hana girgiza kawai. Sa guntun katako ƙarƙashin kowace, ka sauke ta har ta kama ƙasa daram, ka bar ta haka. In ka matse fiye da kima shasi zai murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Shi ya sa da yawa ke ɗaga rufi kafin su sauke su, amma bi littafin tirelarka. Abin da ba a saɓawa: ƙafafun su sauka kafin a jawo gado ko wani ya shiga ciki.

Jawo gadon har ƙarshe, tokare shi da sandunansa daga ƙasa, sannan ka sa ƙofa, ka ja tamfol ɗin da ke zama bango. Firjin gas kuma ba ya son karkata, in ya daɗe yana aiki a karkace zai lalace.