Abin Dubawa Idan Injin Jirgin Ruwa Ya Rasa Ƙarfi Bayan An Buɗe Totur

Direbobin jiragen ruwa a Yawuri da Baga sun san injin da yake tashi da ja ɗaya, ya yi ta aiki lafiya a bakin gaɓa, amma da zarar an shiga tsakiyar ruwa da kaya aka buɗe masa totur sai ya shaƙe. Yawancin irin wannan matsala yunwar mai ce, domin ɗan fetur ɗin da yake isar inji yana tafiya a hankali ba zai ishe shi ba idan aka nemi ya yi zagaye 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya, kamar yadda ake bukata ga Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40. Saboda haka a fara bincike daga tanki, kada a yi gaggawar kwance inji.

Kafin a taɓa komai, a kasa kunne. Idan ƙarar inji tana raguwa, laifin na mai ne ko wuta ko zafi. Idan kuwa ƙarar tana hauhawa alhali jirgin ba ya ƙara gudu, to injin lafiya lau yake, farfela ce take zamewa a kan robar da ke tsakiyarta. A ja layi da fenti daga cibiyar farfela zuwa jikinta, a ɗan yi tafiya, sannan a duba. Idan layin ya rabu biyu, robar ta mutu.

A ɓangaren mai, abu na farko shi ne ƙaramin sukurun iska da ke kan murfin tanki, wanda sau da yawa ake ɗaurewa lokacin ɗaukar tanki a manta ba a sassauta ba. Daga nan a dubi ƙwallon robar nan da ke jikin tiyon mai, domin ita ce ta fi kowane makaniki saurin faɗin gaskiya. Idan ta lotse ta manne yayin da inji yake gudu, akwai toshewa tsakaninta da tanki. Idan kuma wani ya riƙa matsa ta jirgi yana tafiya sai ƙarfi ya dawo, to ko dai fatar famfon mai ta tsage, ko iska tana shiga ta wani tsagu a tiyo ko ta bakin mahaɗinsa. Tiyon da ya sha rana yakan bushe ya tsattsage, kuma naɗe shi da robar tayar keke ba gyara ba ne, a sauya shi. A kwance kofin tace mai a juye a kwalba mai haske, a bar shi ya natsu: ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. Mai na jarka da ake saye a bakin kogi ba kasafai yake rabuwa da ruwa da yashi ba, shi ya sa ya kamata a riƙa tace shi kafin a zuba.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, saura kabureta. A daidai lokacin da injin ya fara shaƙewa, a ɗan ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kabureta, na daƙiƙa ɗaya. Idan ya farfaɗo, babban jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da fetur ke bi a cikin kabureta, ya toshe, sai a kwance shi a wanke da fetur a hura masa iska, kada a zura masa allura, domin faɗaɗa ramin yana lalata ma'aunin mai har abada. Wannan matsala ba abin wasa ba ce ga injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, saboda idan fetur ya ragu man da ke shafe fistin ma ya ragu, kuma wanda ya nace da totur a haka yana iya ƙona injin gaba ɗaya. Haɗin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 50 da 1, wato rabin lita na baƙin mai a lita 25 na fetur, sai dai a bi abin da littafin injin ya ce.

Idan jan cok ya ƙara dagula lamarin, a koma kan fulogi. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiyayye ne, baƙi mai jiƙe yana nuna wuta ta yi rauni ko baƙin mai ya yi yawa, fari fat kuma alamar yunwar mai da zafi ne. Inji mai silinda biyu yana iya tafiya da ɗaya kawai, don haka a kwatanta fulogan biyu.

Zafi ma yana kashe ƙarfi. A leƙa siririn ruwan da yake tsartowa ta bayan inji. Idan ya ragu ko ya ɗauke, a kashe nan take, a cire leda ko kainuwa daga ramukan shan ruwa, a kuma warware tsohuwar raga ko igiyar da ta naɗe bayan farfela. Yashin kogi yana cinye fikafikan robar famfon ruwa, kuma kunna inji a kan tudu ba ruwa yana ƙona ta cikin ɗan lokaci.

In an bi duk waɗannan ƙarfi bai dawo ba, a kai wa makaniki ya auna matsin silindoji. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakanin biyun yana nufin zoben fistin ko gasket ya gaji, kuma bai dace a ɗora fasinja a kan irin wannan inji ba sai an gyara shi.