Jerin littattafan darasi: ku haɗa Zotero da Moodle

Malamai ƴan uwa na nan Yamai, masu ɗora darasi a Moodle, dandalin koyarwa ta intanet, ku daina rubuta jerin littattafai da hannu. Ku sauke Zotero, manhajar tara bayanan littattafai, kyauta ne. Lambar shaidar littafi (ISBN) ko ta maƙala (DOI) kawai za ku liƙa, ya cika sunan marubuci, shekara da mawallafi da kansa, amma ku duba, yakan yi kuskure a tsofaffin littattafan Faransanci.

Ku buɗe rukuni ɗaya a Zotero don darasin, wanda kowa zai iya gani, kowane mako da jakarsa, sannan ku saka mahaɗin rukunin cikin Moodle. In kun ƙara littafi, ɗalibai za su gani nan take.

Wurin ajiya na kyauta a Zotero 300 MB ne kacal, manyan PDF kan cinye shi. Gara ku saka mahaɗin littafin maimakon PDF ɗin, dama kuɗin intanet na ɗalibai ba yawa gare shi ba.