Yadda na gyara manhajar awon girkina

A watan nan na rubuta 'yar manhaja da Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, don ta riƙa tara mini awon kayan girki. Ranar gwaji, tukunya na kan wuta, na haɗa kilo 0.1 da 0.2, sai ga 0.30000000000000004. Ina tsaye ina kallon allo har albasa ta ƙone.

Kwana biyu ina zargin lissafina, ashe ba daga nan ba ne. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma 0.1 ba ya fita cif a wannan tsarin, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa in ka fara rubuta 0.333.

Sai na bar kilo, na mayar da komai giram: 100 da 200, 300 cif. Wajen nunawa kaɗai nake rabawa da 1000.